Jerin fitilun da suka ratsa saman Jos, da bolar da ke taruwa a samaniya

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah akwai wanda ya ɗaga kai jiya bayan magariba? Ina tsakar gida a Bukuru ina kwashe shanya, ba wuta, sai ƙaramin yarona ya ja zanina ya ce, "Mama, dubi taurari suna tafiya a layi." Da na duba, wallahi fitilu ne farare a jere kamar an miƙe carbi, sun fi ashirin, suna bin juna, ba ƙara ba hayaƙi. Ba su yi minti uku ba suka ɓace ɗaya bayan ɗaya tun ba su kai ƙarshen sama ba. Maƙwabciyata salati kawai take yi. Ni ma har yanzu hankalina bai kwanta ba.

Mai Kafe na Terminus:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, taurarin ɗan adam ne na Starlink, na kamfanin SpaceX. Ana harba su da yawa a roka ɗaya, to kafin su watse kowanne ya kama wurinsa sai a riƙa ganin su a jere haka. Irinsu ne ke ba ni intanet a shago.

Malamin Fiziks (mai ritaya):
Gaskiya ya faɗa miki. Ba fitila ce a jikinsu ba, hasken rana ne. Mu nan rana ta faɗi mana, su da ke can sama tana nan tana dukansu. Ɓacewar da kika gani kuma sun shiga inuwar duniya ne. Shi ya sa ba a cika ganin su ba sai bayan magariba ko gab da asuba.

Amma tun da an taɓo zancen, ni abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoban 1957, shi da ragowar rokarsa ne kaɗai abin da hannun mutum ya ƙera a can. Starlink ya harba rukuninsa na farko mai guda 60 a watan Mayun 2019, yau nasa kaɗai sun haura 7,000, sun fi na duk sauran duniya masu aiki in aka haɗa. Amazon na da shirin zuba sama da 3,000, Sin na da nata shirin na dubu goma sha wani abu. Duk kuma kusan a tsayi guda suke cunkusuwa, kilomita ɗari biyar zuwa dubu da 'yan kai.

Manomin Dankali daga Bokkos:
Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Amma sama fa faɗi gare ta. Ko motocin Najeriya gaba ɗaya aka watsa a can ai ba za su ga juna ba. Ina matsalar take?

Malamin Fiziks (mai ritaya):
Ɗana, matsalar gudu ce. Abin da ke kewaya duniya a wannan tsayin yana cin kusan kilomita 27,000 a awa guda. Daga Jos zuwa Abuja bai kai masa minti ɗaya ba. A irin wannan gudun, ƙusa ɗaya ta isa ta kashe tauraron da aka kashe wa biliyoyi. Kuma ba hanya ɗaya suke bi ba, wani na tahowa daga kudu, wani daga yamma, hanyoyin na giciye da juna kamar mahaɗar da ba ta da ɗan sanda, kowanne yana zagayowa duk bayan minti casa'in da wani abu, dare da rana.

An riga an yi karon. Ranar 10 ga Fabrairun 2009, wani tauraron sadarwa na Amurka mai aiki, Iridium 33, ya yi taho-mu-gama da wani mataccen tauraron sojan Rasha, Kosmos 2251, a saman Saiberiya, a tsayin kusan kilomita 790. Gutsattsarin da ake iya bi da na'ura kaɗai sun kai kusan 2,000. Kowane gutsure kuma ya zama harsashi mai neman wani abin da zai fasa. Wani masanin NASA, Donald Kessler, ya hango haka tun 1978: in tarkace ya kai wani yawa, karo zai riƙa haifar da karo ko da an daina harba komai. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta ƙiyasta cewa gutsattsarin da suka wuce santimita ɗaya sun haura miliyan guda, alhali waɗanda ake iya sa wa ido 'yan dubun gommai ne. Sauran ba mai ganin zuwansu.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, da nake karanta bayaninku wani abu ne ya faɗo mini. Ni a Bukuru aka haife ni, kakana leburan kuza ne. Kamfanonin Turawa sun zo sun haƙa, sun kwashi arziki, da kasuwa ta faɗi suka tattara suka tafi. Me suka bar mana? Kududdufai. Daga Rayfield har Barikin Ladi duk ramukan ne cike da ruwa. A unguwarmu ina 'yar shekara tara wani yaro sa'ana ya tafi wanka a ɗaya daga ciki bai dawo ba. Na tuna silifas ɗinsa a bakin ruwan, an ajiye su gefe da gefe. Har yau ba na barin 'ya'yana su doshi wurin. Wanda ya haƙa ramin ya mutu, jikokinsa na can ƙasarsu, mu ne ke zaune da shi. In na fahimce ku, abin da ake yi a sama ke nan yanzu.

Malamin Fiziks (mai ritaya):
'Yata, shekara talatin ina koyarwa ban samu misalin da ya kai wannan ba. Haka ne. Abin da aka bari a tsayin kilomita 400 iska kan ja shi ƙasa cikin 'yan shekaru. Wanda ke 800 zuwa 1,000 kuwa sai ya yi ɗaruruwan shekaru yana yawo.

Mai Kafe na Terminus:
Baba Malam da Hajiya, ku yi mini uzuri, zan tsaya wa abin da nake ci da shi. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, kun tuna halin da aka shiga? Manhajojin banki sun tsaya, masu POS sun zauna zugum. A layinmu shagona ne kawai ke da sabis, ɗalibai masu cike fom har bakin titi. Kafin in sa wannan farantin a kan rufi, rabin yinina a jiran sabis yake tafiya. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki, a Janairun 2023, kuma akwai ƙauyukan da ko nan da shekara ashirin ba za a ja musu waya ba.

Kuma misalin kuza bai dace da su sosai ba. Su a ƙasa da kilomita 600 suke, in tauraro ya tsufa sukan sauko da shi da kansu ya ƙone, in ma ya mutu iska za ta jawo shi cikin 'yan shekaru. Suna da injin kauce wa karo. Manyan masu zuba bola gwamnatoci ne. Sin ce a Janairun 2007 ta harbi tsohon tauraronta na hasashen yanayi da makami mai linzami, ta bar gutsattsari sama da 3,000 a tsayin da ba sa saukowa da wuri. Kamfani ne ya yi wannan?

Ɗalibar Labarin Ƙasa (Jami'ar Jos):
Yaya Mai Kafe, a batun Sin kana da gaskiya, kuma ba wanda ya ce ka cire farantinka. Amma ka dubi wannan kaucewar da kake yabo. Kamfanin da kansa ya shaida wa hukumar sadarwa ta Amurka cewa daga Disambar 2023 zuwa Mayun 2024 taurarinsa sun yi kaucewa kusan sau 50,000. Cikin wata shida. Direban da ke kauce wa hatsari sau ɗaruruwa a yini, ko ya fi kowa iya tuƙi, hanyar ce ta lalace. Ran da aka samu tangarɗar manhaja fa, ko guguwar rana? A Fabrairun 2022 guguwar rana ta kumbura iskar sama, kusan 40 daga cikin sabbin taurari 49 da suka harba suka faɗo. A 2019 ma sai da hukumar Turai ta kawar da tauraronta Aeolus daga hanyar wani na Starlink, kuma ta imel ake ta ƙoƙarin tuntuɓar juna. Jiragen sama na da hasumiyar da ke ba su hannu. Can sama babu irinta ta duniya baki ɗaya.

Sai maganar "ya ƙone". Abin da ya ƙone ina yake zuwa? Duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake ƙona taya ya san ƙonewa ba ɓacewa ba ce. Jikin taurarin nan yawanci alminiyam ne. In ya narke yana zama ƙura a can saman iska, kusa da rufin ozon da ke tare mana hasken rana mai cutarwa. A 2023 masu binciken hukumar NOAA ta Amurka sun tashi da jirgi sun ɗebo iskar can, suka tarar kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin da suka auna na ɗauke da ƙarafan kumbo da roka. Duniya ta sha wuya kafin ozon ya fara ɗinkewa bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. Yanzu kusan kullum sai tauraron Starlink ɗaya ko biyu ya dawo ya ƙone, kuma tsarin kasuwancin ne a haka: a yi amfani da shi kamar shekara biyar, a ƙona, a harba sabo.

Mai Kafe na Terminus:
Ƙanwata, wannan na ƙurar alminiyam ban taɓa ji ba. Na karɓa. Amma har yanzu ina kan bakana cewa mai saukar da kayansa ya fi mai barin su.

Manomin Dankali daga Bokkos:
To duk abin ne ke ƙonewa? Ba ya faɗowa a kan mutane? Mu da ke wuni a gona nake tambaya.

Ɗalibar Labarin Ƙasa (Jami'ar Jos):
Ba duka ba. A Mayun 2020 ragowar wata babbar rokar Sin, Long March 5B, ta faɗo, aka tsinci dogon bututun ƙarfe a ƙauye a Kwaddibuwa. A ƙarshen Disambar 2024 wani zoben ƙarfe mai kusan kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku a Kenya, hukumar sararin samaniyar ƙasar ta ce daga jikin roka yake. A Maris 2024 wani guntun ƙarfe daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ya huda rufin gida a Fulorida. Yiwuwar ya faɗo a kanka ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kada ka fasa zuwa gona. Abin da ke ɓata mini rai dai, ƙauyen da bai taɓa ganin ribar roka ba shi ake jefa wa ɓaraguzanta.

Tsohon Soja na Rukuba:
Ina biye da ku tun ɗazu. Duk kun yi maganar bola, ni maganar yaƙi zan yi. Ba Sin kaɗai ta gwada harbo tauraro ba. Amurka ta yi a 2008, Indiya ta yi a Maris 2019, Rasha ta yi ranar 15 ga Nuwambar 2021, ta farfasa Kosmos 1408 zuwa gutsattsari sama da 1,500. A ranar sai da 'yan sama jannatin da ke tashar ƙasa da ƙasa suka shige kumbunan tserewa suka zauna jiran tsammani, cikinsu har da Rashawa biyu. Ka ga makamin da ba ya tambayar ɗan wace ƙasa ne kai.

Kuma ba sai an harba makami ba. Ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta shiga Yukren, an yi kutse a hanyar sadarwar tauraron Viasat. Yukren aka nufa, amma dubban injinan samar da lantarki da iska a Jamus suka rasa hanyar da ake sarrafa su daga nesa. Wutar da aka cinna a gonar wani ta ci ta maƙwabci.

Na gida ya fi damuna. A Satumbar 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a Zamfara don a datse sadarwar 'yan bindiga, daga baya aka ƙara da sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Ko ka yarda da matakin ko ba ka yarda ba, an iya yin sa ne saboda turakun sabis a ƙasarmu suke. Yau faranti mai shiga jakar goyo da ɗan ƙaramin sola sun ishi mutum ya yi magana daga tsakiyar daji, makunnin kuma yana hannun wani kamfani a Amurka. Mai kamfanin da bakinsa ya amsa cewa ya ƙi kunna sabis a kusa da Kirimiya lokacin da Yukren ta nema. Mutum ɗaya ya yanke hukunci a tsakiyar yaƙin ƙasashe biyu. A matsayina na wanda ya yi aikin sadarwa a bakin daga, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Mai Kafe na Terminus:
Oga, ranka ya daɗe, wannan aikin rajista ne da sa ido a kan iyaka. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ce ta ba su lasisi, tana da hurumin gindaya sharaɗi. Rufe sabis na 2021 ma talaka ne ya fi shan wuyarsa, ɗan uwana da ke kasuwanci a Gusau sai da ya riƙa tafiya wata jihar don ya buga waya kawai.

Tsohon Soja na Rukuba:
Ban musa wahalar ba, na san ta. Cewa nake ƙasa ta san a hannun wa ta ajiye makullinta.

Maman 'Yan Biyu:
Mu namu taurarin fa? Na san ana cewa Najeriya na da su.

Ɗalibar Labarin Ƙasa (Jami'ar Jos):
Muna da su, Anti. An kafa hukumarmu ta sararin samaniya, NASRDA, a 1999. NigeriaSat-1 ya tashi a Satumbar 2003 daga Rasha, har hotunansa sun yi amfani a Amurka lokacin guguwar Katrina a 2005. A Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, shi NigeriaSat-X ɗin injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a Ingila. Cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan adam ta ƙasa ma a nan Jos take. Da irin waɗannan hotuna ake gane inda ambaliya za ta ci, inda daji ke ƙarewa, har kududdufan kuzar da kika ambata ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya daga sama. Masu ɗaukar hoton nan a wajen kilomita 700 suke zama, wato unguwar da tarkacen 2007 da na 2009 suka fi ƙazantawa. Sun riga sun wuce shekarun da aka ƙera su su yi. Ran da muka harba sababbi, cikin wannan cunkoson za su shiga, mu kuma ba mu da rarar da za mu ce in ɗaya ya fashe akwai dubu a baya.

Malamin Fiziks (mai ritaya):
Bari in ƙara da na sadarwa. NigComSat-1 da aka harba daga Sin a 2007 ya mutu a Nuwambar 2008 saboda fukafukansa na sola sun samu matsala. Aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disambar 2011, wanda aka tsara ya yi shekara 15, ku yi lissafi da kanku. Shi yana can nesa, kilomita 35,786, a zoben da ke saman tsakiyar duniya, inda tauraro ke tafiya daidai da juyawar ƙasa har a ga kamar a tsaye yake. Shi ya sa dish ɗin talabijin ɗinku ba ya motsi. Can babu iskar da za ta share komai. In tauraro ya tsufa, ƙa'ida ita ce a tura shi sama da kamar kilomita 300, wurin da ake kira maƙabarta. A Oktoban 2024 wani tauraron Intelsat ya tarwatse a wannan zoben, kuma gutsattsarinsa ba inda za su je.

Gurabe a zoben ƙididdigaggu ne, hukumar ITU da ke Janeba ke kula da rabonsu, kuma a aikace wanda ya riga zuwa shi ke kama wuri. Tun 1976 wasu ƙasashen da zoben ya ratsa samansu, har da Kenya da Yuganda da Kwango, suka taru a Bogota suka ce ana cin rabonsu. Ba wanda ya saurare su.

Manomin Dankali daga Bokkos:
Ba doka ke nan? Ko a kasuwar dankali ta Bokkos in ka zubar da ruɓaɓɓe a hanya sai sarkin kasuwa ya sa ka kwashe.

Malamin Fiziks (mai ritaya):
Akwai, amma tsohuwa ce. Yarjejeniyar 1967, wadda Najeriya na ciki, ta ce sama ba mallakar kowa ba ce, ta hana ajiye makaman nukiliya a can, ta ɗora wa kowace ƙasa alhakin abin da ita ko kamfanoninta suka harba. Ta 1972 ta yi maganar diyya. Da tauraron Sobiyet mai injin nukiliya, Kosmos 954, ya tarwatse a arewacin Kanada a 1978, sun biya dalar Kanada miliyan 3. Amma ba inda aka tilasta wa kowa ya kwashe bolarsa. A da shawara ce kawai a sauko da mataccen tauraro cikin shekara 25. Amurka ta rage wa masu lasisinta zuwa 5 a 2022, a 2023 kuma ta ci tarar kamfanin Dish dala 150,000 don bai kai tsohon tauraronsa maƙabarta yadda ya kamata ba. A wurin kamfanin da ke juya biliyoyi, me wannan kuɗin zai rage?

Tsohon Soja na Rukuba:
Ita sharar ma da tata rigimar. A Janairun 2022 wani tauraron Sin, Shijian-21, ya kama wani mataccen tauraronsu ya ja shi zuwa maƙabarta. Aiki ne mai kyau, amma Amurka ta tsorata, don hannun da ya ja matacce zai iya jan mai rai. Doka kuma ta ce tarkacenka naka ne har abada, ba mai taɓawa sai da izininka. A Disambar 2022 ƙasashe 155 a Majalisar Ɗinkin Duniya suka goyi bayan a daina gwajin harbo taurari da makami mai linzami. Rasha da Sin sun ƙi, Indiya ta ƙaurace.

Ɗalibar Labarin Ƙasa (Jami'ar Jos):
Shi ya sa nake ganin bai kamata mu zauna a matsayin masu saye kawai ba. Ɗan Najeriya, Dakta Adigun Ade Abiodun, ya taɓa shugabantar kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da sararin samaniya cikin lumana. An buɗe hukumar sararin samaniya ta Afirka a Alƙahira a Afrilun 2025. Duk kamfanin da ke son kasuwar mutum sama da miliyan 200 ana iya tambayarsa kafin a sabunta masa lasisi: ina shirinka na saukar da taurarinka, wa zai biya in ƙarfe ya faɗo a Mangu, wa ke da iko a kan farantin da aka tsallako da shi ta iyaka? Da a ce an sa kamfanonin kuza sun ajiye kuɗin cike rami tun kafin su sa diga a ƙasa, da Anti ba ta ba mu labarin silifas ɗin nan ba.

Mai Kafe na Terminus:
A kan wannan muna tare. A karɓi kuɗin ajiya tun kafin harbi, in ka sauko da kayanka a mayar maka. Ko da zai ƙara mini wani abu a kuɗin wata, zan biya.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode muku duka. Malam, yaron nan tun safe yake tambaya ko za su sake wucewa. Kakarsa ta koya masa Zara da Kaza da 'Ya'yanta, jiya ya ce mata ya ga waɗanda ita ba ta sani ba.

Malamin Fiziks (mai ritaya):
Jerin jiya zai watse cikin 'yan kwanaki, amma ɗaiɗaiku kullum suna wucewa. Ki fito da shi bayan magariba kafin ƙurar hunturu ta rufe sama, ku ba fitilun titi baya. Wanda ke ƙyaftawa da ja da kore jirgi ne. Wanda ke tafiya a natse da farin haske ba ƙyaftawa, shi ne tauraron ɗan adam. Ki ba shi takarda ya riƙa jan layi duk wanda ya gani cikin rabin awa, gobe ki turo mana adadin. Ni ma zan ƙirga daga nan Unguwar Rogo mu gwada.